Hannun Gwamnati a Aure da Saki a Kano

Aure a ƙasar Hausa sha'anin dangi ne tun asali, kuma har gobe yawancinsa a hannun dangi yake. Idan za a ɗaura aure a unguwar Daurawa ko Gyaɗi-Gyaɗi a Kano, ana taruwa ne a masallaci ko a ƙofar gida. Wakilin ango ya nema wa ɗansa aure, waliyyin amarya ya bayar bisa sharaɗin ci da sha da sutura da muhalli, a faɗi sadaki, a bayyana lakadan ne ko ajalan, liman ya tambayi jama'a ko sun shaida, a shafa fatiha, a raba goro da alawa. Cikin minti goma an gama. Babu ma'aikacin gwamnati a wurin, babu rajista, kuma auren ya inganta a addini, ya inganta a dokar ƙasa. Saki ya fi wannan sauƙi, domin kalma ce daga bakin miji, ko layi biyu a takardar da aka yago daga littafin makaranta, ko kuma, a zamanin nan, saƙon waya. Duk da haka hukuma ba ta taɓa fita daga sha'anin gaba ɗaya ba, kuma tun daga shekarar 2000 hannunta ƙara shiga yake yi.

Dokar Nijeriya ta san aure iri uku: na rajista, na al'ada da na Musulunci. Auren rajista yana ƙarƙashin Dokar Aure ta 1914, wadda Turawan mulkin mallaka suka bari, mace ɗaya tak ya yarda da ita, kuma ba ya mutuwa sai a gaban babbar kotu bisa dokar rabuwar aure ta 1970. Tsarin mulkin 1999 ya ba Majalisar Tarayya ikon yin doka a kan wannan nau'in kaɗai, ya cire auren Musulunci da na al'ada daga hurumin tarayya. Ma'anar wannan ita ce, auren mafi yawan Kanawa yana hannun jiha ne da kotunanta na Shari'a, kuma sashe na 277 ya ɗora wa Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a sauraron ƙorafi a kan aure da rabuwarsa da riƙon 'ya'ya da gado. Shi ya sa matar da ke zaune a Daurawa, ko da Babbar Kotun Tarayya da ke Titin Kotu na Gyaɗi-Gyaɗi ta fi kusa da gidanta, ba can za ta kai ƙarar mijinta ba. Tsarin mulkin ya kuma sanya rajistar haihuwa da mutuwa da aure cikin ayyukan ƙananan hukumomi, sai dai ba kasafai Bahaushe ke tuna wannan ba sai ranar da ofishin jakadanci ya nemi takardar shaidar aure.

Shigar hukuma cikin aure ba baƙon abu ba ne a fiƙihun Malikiyya da ake bi a Kano. Littattafan da almajirai ke karantawa a zaure, irin su Risala da Mukhtasar na Khalil da Tuhfa ta Ibn Asim, sun ba shugaba da alƙalinsa gurbi a fili. Matar da ba ta da waliyyi, hukuma ce waliyyinta. Waliyyin da ya hana 'yarsa auren wanda ya dace da ita ba tare da hujja ba, alƙali na iya tsallake shi. Alƙali na iya raba aure idan miji ya kasa ciyarwa, ko yana cutar da matarsa, ko ya rantse ya ƙaurace mata har wata huɗu suka wuce bai dawo ba, ko ya ɓace aka yi cigiya aka jira shekara huɗu. Idan rikici ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, akwai hukuncin naɗa masu sulhu biyu, ɗaya daga danginsa, ɗaya daga danginta. Da Turawa suka ci Kano a 1903 sun bar alƙalai a kan waɗannan hukunce-hukunce. A ƙarshen shekarun 1960 gwamnatin soja ta karɓe kotunan daga hannun En'e, sannan a 2000 aka faɗaɗa Shari'a zuwa manyan laifuka. Duk wannan sauyi ya bi ta kan kotuna, amma dokar iyali tana nan yadda take, a cikin littattafan Larabci. Ba a taɓa tattara ta sashe-sashe cikin kundin da majalisa ta zartar ba, wanda talaka zai buɗe ya ga haƙƙinsa.

Wannan giɓi ya fi fitowa a wajen saki. Abin da fiƙihu ya tanada sananne ne ga duk wanda ya yi karatun Islamiyya. Matar da aka yi wa saki ɗaya ko biyu a ɗakinta za ta yi idda, cinta da shanta suna wuyan mijin, mai juna biyu kuma har ta haihu. Riƙon 'ya'ya a Malikiyya na uwa ne, namiji har ya balaga, mace har ta yi aure ta tare, ciyar da su kuwa a kan uba yake ko suna hannun wa. Abin da aka saba gani a unguwa daban ne. Ana miƙa takarda, kafin magariba matar tana gidan iyayenta, bayan kwana biyu a turo a-kori-kura a kwashe kaya. Yara ko dai a ƙwace su da zarar an yaye, ko a bar mata su babu ko sisi. Babu dokar da ta tilasta wa miji ya kai rahoton sakin wani ofis, don haka babu wanda zai tambaye shi ina kuɗin idda. Saboda rashin rajistar ne ma alƙaluman mutuwar aure da ake yawo da su a rediyo da intanet suka zama ƙiyasi kawai, kowa da nasa. Jihar da ta fi kowace kuka da yawan zawarawa ba ta da littafin da take ƙirga su.

Mace kuwa, idan ita ce ke neman rabuwa kuma mijin ya ƙi, dole ta bi ta hannun hukuma. Za ta je kotun Shari'a ta shigar da ƙara wajen rajistara, ta biya kuɗin sammaci, masinjan kotu ya kai wa mijin. Ranar zama alƙali zai fara da tambayar ko iyaye sun shiga maganar, sau da yawa ya ɗage zaman domin a je a sasanta. Idan ta ce duka ne ko yunwa, za a nemi shaidu, abin da kuwa ke faruwa cikin ɗaki da wuya a sami mai shaidarsa. Ganin haka, mata da yawa kan haƙura da ƙarar cutarwa su koma neman hul'i, wato su mayar da sadaki su fanshi kansu. A nan ne ciniki ke tashi. Miji ya zo da lissafin lefe da kuɗin gaisuwa da na na-gani-ina-so, wani har da abin da zai ishe shi sabon aure, alƙali yana rage wa, dangin matar suna harhaɗa kuɗi. Matar da Shari'a za ta iya raba aurenta kyauta saboda cutarwa takan ƙare da biyan kuɗi don kawai ta huta da zaryar kotu.

Kafin a kai ga kotu akwai matakai da dama. Daga iyaye sai mai unguwa, sai dagaci, sai hakimi, kuma har yanzu ƙofar mai unguwa na kashe wutar da ba ta kai kunnen alƙali ba. A 2003 gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau ta kafa Hukumar Hisba da doka, bayan 'yan sa-kai sun fara aikin tun ƙaddamar da Shari'a. Gwamnatin ta kuma fito da shirin A Daidaita Sahu da Zauren Sulhu. Mutanen waje sun fi sanin Hisba da fasa kwalaben giya, amma wanda ya leƙa hedikwatarta da ke Sharaɗa, ko ofishinta na ƙaramar hukuma, zai tarar da layin ma'aurata da surukai, ana sauraron ƙorafin cefane da rabon kwana da kuɗin makarantar yara. Mata na son zuwa can saboda babu lauya, kuma babu kunyar a ce ta kai miji kotu. Sai dai Hisba ba kotu ba ce. Tana iya kira, ta yi nasiha, ta rubuta yarjejeniya, amma ba ta da ikon raba aure, kuma idan miji ya sa hannu ya fita ya yi watsi da alkawari, sai an koma gaban alƙali.

Maganar zawarawa ta fito fili sosai a watan Janairun 2009, lokacin da Hajiya Altine Abdullahi, shugabar wata ƙungiyar zawarawa da marayu, ta shirya gangamin matan da aka saka a titunan Kano. Hisba ta hana gangamin, amma batun bai mutu ba. Shekara uku bayan haka, a watan Mayun 2012, gwamnatin Rabi'u Musa Kwankwaso ta aurar da zawarawa 100 a rana ɗaya ta hannun Hisba, wadda Sheikh Aminu Ibrahim Daurawa ke jagoranta a lokacin. Gwamnati ta biya sadakin naira 10,000 ga kowace amarya, ta yi kayan ɗaki, ta ba da ɗan jari. A Disambar 2013 adadin ya kai 1,111 a zama ɗaya. Gwamnatin Abdullahi Umar Ganduje ta aurar da 1,500 a 2019. A watan Oktoban 2023 gwamnatin Abba Kabir Yusuf ta aurar da 1,800 a shirin da aka fi sani da auren gata, wanda aka ware wa naira miliyan 854, da sadakin naira 50,000 da jarin 20,000 ga kowace amarya. Zuwa lokacin shirin ya haɗa da 'yan mata marayu da 'ya'yan marasa ƙarfi, ba zawarawa kaɗai ba. Jihohi irin su Sakkwato da Zamfara da Kebbi sun yi koyi.

Ba a shiga shirin kai tsaye. Ana cike takarda, a tantance, a bincika ko namijin yana da sana'a da wurin zama, a yi gwajin lafiya har da na juna biyu, a yi wa ma'auratan bita a kan zamantakewa. Akwai kuma sharaɗin da ya fi jan hankali: ango ba zai saki matar ba sai ya komo Hisba an ji dalili. A fiƙihu, idan ya furta sakin ya auku, ko Hisba ta sani ko ba ta sani ba, abin da hukuma ke iya yi shi ne ta tuhume shi da saɓa alkawari. Duk da haka sharaɗin yana da nauyi, domin hukuma ce ta tsaya tsakanin miji da bakinsa, malamai kuma ba su ce an saɓa wa addini ba.

Masu goyon bayan auren gata suna da hujja mai ƙarfi. Abin da ke hana 'yar talaka aure a Kano ba sadaki ba ne, kayan ɗaki ne: gado da katifa da kujeru da kayan kicin da gara, duk a wuyan uban amarya, uwa kuma ta yi shekaru tana adashi. Marainiya ko bazawarar da ta riga ta sayar da kayanta ta ciyar da yara, ko ta sami manemi ba ta da abin tarewa. Gwamnati ta ɗauke wannan nauyi, ta kuma nuna cewa ana iya aure ba tare da bashi ba. Masu suka su ma ba su rasa ta cewa ba. Idan aka raba naira miliyan 854 gida 1,800, kowane aure ya ci kusan naira 474,000, kuɗin da wasu ke ganin da koyar da sana'a ko makarantar 'ya'yan zawarawan aka yi da shi da ya fi daɗewa. Aure 1,800 kuma ɗigo ne a jihar da ke da ƙananan hukumomi 44. Akwai kuma launin siyasa da bikin kan ɗauka. Babbar tambayar dai ita ce nawa ne daga auren 2012 da 2013 suke raye, kuma wannan tambaya bibiya take buƙata, aikin da ba shi da taro balle hoto.

A watan Mayun 2024 aka shiga wani sabon babi, lokacin da Gwamna Abba Kabir Yusuf ya sa hannu a dokar gwajin lafiya kafin aure. Dokar ta wajabta wa masu niyyar aure gwajin cuta mai karya garkuwar jiki, da ciwon hanta nau'in B da C, da tunjere, da rukunin jinin da ke nuna sikila, ta kuma hana ɗaura aure ba tare da takardar sakamako daga asibitin da gwamnati ta amince da shi ba. Wanda ya saɓa na iya fuskantar tarar da ta kai naira 500,000 ko ɗaurin shekara biyar. Bambancinta da auren gata shi ne, ta hau kan kowa, mai kuɗi da talaka. Dalilinta ma a fili yake. Idan mai AS ya auri mai AS, kowane ciki yana da yiwuwar kashi ɗaya cikin huɗu na zuwa da SS, kuma duk wanda ya taɓa kwana da yaro mai sikila a asibitin Malam Aminu Kano da ke Titin Zariya ya san abin da wannan lissafi ke nufi. Inda gizo ke saƙa shi ne wajen aiwatarwa. Liman ne ya zama mai gadin dokar, alhali ba ma'aikacin gwamnati ba ne, kuma ba shi da hanyar gane takardar gaske da ta jabu. Iyalai da yawa kuma ba sa zuwa gwajin sai an kai lefe an sa rana, lokacin da janyewa ta zama abin kunya. Gwajin da aka yi tun kafin manya su shiga magana ya fi amfani nesa ba kusa ba.

Yunƙurin da ya fi kowanne zurfi shi ne wanda bai zama doka ba. A watan Fabrairun 2017, wajen taron cika shekara 50 da rasuwar Ambasada Isa Wali, wanda tun a shekarun 1950 ya yi rubutu a jarida kan matsayin mata a Musulunci, Sarkin Kano Muhammadu Sanusi II ya bayyana cewa wani kwamitin malamai da masana shari'a na shirya kundin dokar iyali da za a miƙa wa majalisar jiha. Daftarin ya taɓa yardar mace kafin a aurar da ita, da ciyarwa, da dukan mata, da saki, da haƙƙin 'ya'ya. Abin da ya fi yaɗuwa a gari shi ne wai za a hana talaka ƙara aure, nan take muhawara ta koma kan wannan gaɓa ɗaya. Wasu malamai suka ce ba a taƙaita abin da Allah ya halatta, wasu suka amsa cewa ikon ciyarwa da adalci sharaɗi ne tun asali, shugaba kuma na da damar tsare maslahar jama'a. Ana cikin haka dangantakar fada da gidan gwamnati ta yi tsami, aka sauke Sarkin a watan Maris na 2020, daftarin ya kwanta.

Ƙasashen Musulmi da dama sun riga sun bi wannan hanya, kowace da nisan da ta yi. Tunisiya ta haramta auren mace fiye da ɗaya tun 1956, matakin da da wuya ya sami masauki a Kano. Indonesiya ta yi doka a 1974 cewa ba a saki sai a gaban kotu, bayan an gwada sulhu ya faskara. Misalin da ya fi kusa shi ne Maroko, domin ita ma Malikiyya take bi. Kundinta na 2004 ya sa shekarun aure 18, ya ɗora ƙarin aure a kan izinin alƙali, sannan mijin da ke son saki sai ya nemi izinin kotu, ya ajiye haƙƙoƙin matar da na yara a asusun kotun kafin a rubuta sakin. Ba a ƙwace masa ikon saki ba, an dai sa biyan haƙƙi ya riga rabuwa. A maƙwabciya Nijar kuwa, inda Hausawan Maraɗi da Damagaram ke fama da irin matsalar Kano, an yi ta shirya kundin iyali ana janyewa, a shekarun 1990 da kuma 2011, saboda adawar ƙungiyoyin addini da suka ɗauke shi shigo-shigon Turawa. Darasin Nijar shi ne, dokar iyalin da ba ta fito daga bakin malaman gida ba ba ta kai labari.

Shekarun aure da yardar amarya su ne wurin da aka fi samun saɓani tsakanin Abuja da jihohin Arewa. Dokar kare haƙƙin yara ta tarayya ta 2003 ta sa 18, amma ba ta hawa kan jiha sai majalisarta ta karɓa. A 2013 Majalisar Dattawa ta yi zazzafar muhawara kan sashe na 29 na tsarin mulki, wanda ke ɗaukar duk matar aure a matsayin baliga, Sanata Ahmad Sani Yariman Bakura ya tsaya kan a bar shi, aka bar shi. A Malikiyya uba na da ikon aurar da 'yarsa budurwa, amma ikon ba na cutarwa ba ne, kuma kotunan Shari'a kan raba auren dole idan ƙiyayya ta tabbata. Ita ma hukuma ba ta da ikon tilasta aure. A watan Oktoban 2025 wata kotun majistare a Kano ta umarci Hisba ta ɗaura wa wasu matasa biyu masu bidiyo a TikTok aure cikin kwana 60. Ƙungiyar lauyoyi ta ƙasa ta ce kotu ba ta da wannan hurumi, daga baya kuma aka fasa auren.

Idan aka jera matakan nan, za a ga gwamnatin Kano ta fi zuba ƙarfinta a ƙofar shiga aure: ta biya sadaki, ta yi gado da katifa, ta wajabta gwaji. Ƙofar fita, inda mata da yara suka fi jikkata, tana nan kusan yadda Turawa suka same ta. Abin da ya rage kuwa ba ya buƙatar sabon hukuncin addini, domin ciyar da mai idda da ɗaukar nauyin 'ya'ya wajibai ne da babu malamin da ke jayayya a kansu. Aiki ne na ofis. Ƙaramar hukuma kamar Tarauni tana da mazaɓu goma, kowace da masu unguwanninta da limamanta da suka san auren da aka ɗaura da wanda ya mutu, don haka littafin rajistar aure da saki a hannunsu ba zai gagara ba. Sai kuma tilasta biyan abin da alƙali ya yanke. Ma'aikacin gwamnati ana iya cire kuɗin ciyarwa daga albashinsa, amma ɗan kasuwar Kantin Kwari ko direban adaidaita-sahu ba shi da albashin da za a taɓa, kuma a halin yanzu matar ce ke komawa kotu da kuɗin motarta duk watan da bai biya ba, ta sake yankar sammaci.